Ta'aziyyar da Ba Wanda Ya Zo Ya Yi Miki

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ya kika ji da wannan rashi? Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa kwanciya hutawa ce. Ke kuma Allah ya ba ki dangana.

Na fara da gaisuwar da ake yi wa mai rashi domin na san har aka naɗe tabarmin makoki ba wanda ya yi miki ita. An kafa rumfa kwana uku a ƙofar gidansu. Maza sun yi ta shigowa suna ɗaga hannu a yi Fatiha, su gaisa da mahaifinsa da ƙannensa. Mata sun cika ɗaki, wannan ta rungumi mahaifiyarsa, waccan ta dafa matarsa. Ke kina can baya wajen murhu, kina tafasa shayi, kina ɗauraye kofuna, kina ɗaga kisra daga kasko, duk wadda ta gifta sai ta ce miki sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Gaisuwar maƙwabciya ke nan, kuma ba su yi laifi ba, iyakar abin da suka sani ke nan. Ni na san fiye da haka, don haka akwai hakkinki a wuyana. Waya tsakanin Kano da Gadarif ba ta riƙe doguwar magana a 'yan kwanakin nan, ko ta riƙe ma ba za ki iya buɗe baki a tsakar gida ana jin ki ba. Shi ya sa na rubuta. Ban sa sunanki ba, ban sa nasa ba, ko da takardar za ta faɗa hannun wani.

Bari in fara da yadda ya tafi, domin a nan sanyin farko yake.

Tun da garin Madani ya faɗi a yaƙin Sudan a Disambar 2023, Gadarif ba ta sake zama yadda na bar ta ba. Kafin a gama tsugunar da mutanen Jazira sai ga na Sinja a ƙarshen Yunin 2024, wasu a ƙafa, wasu a bayan manyan motoci, ga damina ta sauka. Kin fi ni sanin yadda makarantu suka koma ɗakunan kwana, da yadda tashar mota ta cika da mata da ƙananan yara. Kin san baƙar ƙasar garinmu idan ta sha ruwa, kin kuma san ruwan sha ya daɗe yana yi wa Gadarif wuya tun ana zaman lafiya, balle yanzu da bakunan sha suka ninka. A Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓarkewar kwalara, Kasala da Gadarif na cikin inda ta fi tsanani, alhali shekara ba ta cika ba da wadda aka sanar a Gadarif a Satumbar 2023. Kowa ya san inda wannan cuta take kwana: inda jama'a suka cunkushe, makewayi ya yi kaɗan, ruwa ya gurɓace. Shi ma ya sani. Duk da haka can yake wuni tare da samarin unguwa masu dafa wa 'yan gudun hijira abinci, shi ne jan ganga, shi ne rabon kwano, ba albashi, ba wanda ya aike shi. Ciwon ya kama shi da yamma, kafin la'asar ta washegari rai ya yi halinsa, ridin bana ko yankansa ba a fara ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa wanda ciwon ciki ya kashe a cikin shahidai, tare da wanda annoba ta ɗauka da wanda ya nutse da wanda gini ya rufta wa. Hukunci na Allah ne, mu ba mu yanke wa kowa. Amma mutumin da ciwon ciki ya ɗauka, a wurin da ya je ciyar da baƙin da yaƙi ya koro, muna da dalili mai ƙarfi na kyautata masa zato. Idan dare ya yi miki tsawo kika fara tuna yadda aka ce idonsa ya faɗa cikin 'yan sa'o'i, ki mayar da tunaninki kan wannan.

Yanzu ga maganar da ba a yi a rumfa ba.

Katanga ɗaya ta raba gidajenku. A gaban malami ɗaya kuka yi allo, kuma idan laka ta riƙe miki takalmi shi ke karɓar allonki ya jira ki. Da kuka tasa kuka shiga musayar littattafai, waɗannan ƙananan na Abir da ake shimfiɗawa a bakin kasuwa, labaran soyayyar Turawa da aka mayar Larabci, bangonsu duk ya yage don yawan hannu. Da aure ya kawo ni Kano na fara aiko miki da na nan ta hannun matafiya, kika dage har kika iya karanta Hausar boko saboda su. Shi idonsa bai saba da waɗannan baƙaƙe ba, sai ya zauna a dakalin ƙofar gida, ke kina daga cikin zaure kina karanta masa, ƙannenku a tsakani sun yi tsit. Ku yi ta gardama kan wa ya kyauta wa ya cuci wani a cikin labarin har a kira isha'i. Unguwa gaba ɗaya ta ɗauke ku wa da ƙanwa. Ke kaɗai kika san ranar da abin ya sauya a zuciyarki, kuma kin daɗe kina haɗiyewa kafin ki furta mini.

Ni na kai saƙon, a zuwan da na yi gida kafin yaƙi. Na faɗa miki amsarsa a lokacin, amma wanda ke cikin zafi ba ya jin magana duka, don haka zan maimaita miki ita yau yadda ya faɗe ta. Ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya ce: “Yaya, wallahi da zuciya tana bin umarni da na umarce ta tun kafin ki rufe baki. Ita ƙanwata ce, ciki ne kawai ba mu haɗa ba. Ba zan ɗauke ta in kai ta ɗakin da ba zan iya cika mata shi ba.” Da na miƙe zan tafi ya ƙara da cewa: “Don Allah ki roƙar mini ita kada ta ji kunyata, kada ta daina gaishe ni.” Ba ki daina ba. Da ya tashi aure ya auro wata daga wata unguwa, ke kika kwana kina haɗa wa amarya humra da dilka da turaren wuta, mutane na yaba miki zumunci.

Tun da labarin rasuwarsa ya iso ni nake tunanin littattafan nan, ina tambayar kaina me suka koya miki game da halin da kika shiga. Ba na cikin masu zagin littattafan soyayya. Matan Kano da suka ɗauki alƙalami, irin su Balaraba Ramat Yakubu, sun faɗi abin da manya da yawa suka kasa faɗa a kan auren dole da sakin wulaƙanci da hana 'ya mace karatu, kuma sun sa dubban mata sun koyi karatu don daɗin labari kawai, ke ma shaida ce. Amma dubi yadda aka gina yawancin labaran. A So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, Boɗaɗo na son Yasir, Yasir na son Boɗaɗo, dangi ne suka tsaya a tsakani. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, Sumayya da Muhammad suna son juna, talaucinsa da dukiyar gidansu ne suka raba su. Kusan kullum abin da ke hana ruwa gudu daga waje yake zuwa: uba, kuɗi, ƙabila, kishiya, boka. Abin da ya zo daga waje kuwa ana iya kawar da shi, marubuci ya kawar da shi a babin ƙarshe a ɗaura aure. Ko da an kawo aminin da bai gane ana son sa ba, kamar yadda ake yawan samu a littattafan Abir, rashin lura ne kawai ciwonsa. Wata rana zai ga ta yi kwalliya, ko ya tarar da wani ya zo zance, kishi ya farkar da shi. Yarinyar da ta girma a kan irin waɗannan sai ta tashi da imanin cewa a'ar wanda take so kuskure ce da lokaci zai gyara.

Naki labarin ba haka ya zo ba. Ba uban da ya hana, ba kuɗin da ya gagara, ba bokan da ya shiga tsakani. Da ya nemi aurenki da gidajen nan biyu sun yi guɗa rana ɗaya. Ya gane sarai abin da kike nufi, ya duba zuciyarsa tsakani da Allah, bai sami abin da kike nema a ciki ba. Na kuma san ko bayan bikinsa akwai wani lungu a ranki da bai daina jiran babin ƙarshe ba. Namiji ne, huɗu aka halatta masa, kwana na gaba, wa ya sani. Ban taɓa ganin laifinki a kan wannan ba. Abin da nake so ki gane shi ne kwalara abu biyu ta ɗauke miki a yini ɗaya, mutumin da kuma jiran. Na farkon kowa ya ga kin rasa shi, ko da a matsayin maƙwabci. Na biyun ba wanda ya san akwai shi balle ya san ya tafi, kuma ina kyautata zaton shi ya fi hana ki barci.

Akwai wata hanyar da masu ba da labari ke bi da wanda bai samu ba, ita ma ba na so ki bi ta. Can wajen kogin Setit, a ƙasar Hamran, aka haifi labarin soyayyar da Sudan ta fi sani, na Tajuj da Muhallak, wanda Usman Muhammad Hashim ya mayar littafi a 1948, daga baya Jadallah Jubara ya yi fim ɗinsa. A yadda aka fi ba da shi, Muhallak ya auri 'yar'uwarsa Tajuj, ya nemi ta yi masa abin da mutanenta ke ɗauka tozarci ne, ta yarda bisa sharaɗin ya biya mata buƙata guda, buƙatar ta zama saki. Ya cika alkawari, ya shiga duniya yana waƙarta har begenta ya ƙarasa shi. Larabawa na da Majnunu Laila a kan wannan layi. Wanda ya rasa sai ya zauce ko ya rame ya mutu, a yi ta yabon ƙarfin sonsa a wajen shan gahawa. An ce mini kin daina cin abinci sai an matsa miki. Ƙanwata, kada ki auna gaskiyar sonki da yawan ramarki. Yunwarki ba ta isa kabarinsa, addu'arki ce ke isa, mai addu'a kuwa tana buƙatar ƙarfin tsayuwa.

Labarin da nake so ki riƙe ba marubuci ne ya tsara shi ba. Yana cikin Sahihul Buhari, daga Abdullahi ɗan Abbas. Barira baiwa ce a Madina, Nana A'isha ta saye ta ta 'yanta ta. Mijinta Mugis bawa ne, sai shari'a ta ba ta zaɓi, ta zauna da shi ko ta rabu, ta zaɓi rabuwa. Mugis ya riƙa bin ta a lungunan Madina yana kuka, hawaye na gangara a gemunsa. Manzon Allah ya ga haka har ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da wannan ke yi da irin ƙin da waccan ke yi. Ya yi wa Barira magana ko za ta koma. Ta tambaya ko umarni ne yake ba ta, ya nuna mata cewa ceto kawai yake nema wa Mugis, ta amsa cewa ba ta da buƙatarsa. A nan maganar ta tsaya.

Ki zauna da wannan labari ki juya shi. Ba a tsawata wa Mugis a kan hawayensa ba, ba a ce imaninsa ne ya yi rauni ba, ba a ce ya ji kunya namiji da shi yana kuka a titi ba. An tausaya masa har mafificin halitta ya taka ya nema masa. Ba a kuma tsawata wa Barira ba, ba a ce ta yi butulci ko taurin kai ba. Aka bar kowa da zuciyarsa. To idan ceton Manzon Allah bai juya zuciyar da ba ta karkata ba, ina ga saƙon da yayarki ta kai? Ki daina binciken kanki kina neman inda kika gaza. Na san tambayoyin da kike yi cikin dare: ko don ba ki kai ta haske ba, ko don kin cika sakin jiki da shi har ya daina ganinki a matsayin mace, ko da kin yi magana da wuri, ko da kin yi shiru gaba ɗaya, ko wani ne ya yi muku asiri. Babu ko ɗaya. Zukata suna hannun wanda ya halicce su, ya karkata taki bai karkata tasa ba, kuma bai tambayi ɗayanku ba. Rabonki ma ya fi na Mugis sauƙi ta fuska ɗaya, domin shi ƙi aka yi masa, ke kuwa ba a taɓa ƙin ki ba. An so ki so na gaske, sai dai ba irin wanda kika roƙa ba.

Game da kunyar cewa ke kika fara furtawa, wadda na lura tana cin ki tun daga lokacin, ki sauke ta. Nana Khadija ce ta aika Nafisa ta yi mata magana. Buhari ya kawo cewa wata mata ta zo ta gabatar da kanta ga Annabi don ya aure ta, 'yar Anas ɗan Malik ta ji labarin ta ga rashin kunyar matar, Anas ya nuna mata cewa wannan matar ta fi ta alheri. A ruwayar Sahlu ɗan Sa'ad kuma, wata da ta yi irin haka ya dube ta ya sunkuyar da kai, bai aure ta ba, kuma ba wanda ya rage mata daraja. Ke ta ƙofa kika bi, ta bakin yayarki, da niyyar aure. Hausawa na cewa son maso wani ƙoshin wahala, kuma sun yi gaskiya, kin sha wahalar. Amma wahala daban, laifi daban.

Ki dubi kuma abin da ya yi da asirin da aka damƙa masa. Kin san samarin da idan suka gane yarinya ta mutu a kansu sai su mayar da ita rumbu, su zo zance ba niyya, su ci girkinta, su karɓi kyautarta, su ajiye ta shekara da shekaru tana korar manema, ƙarshe ta ji ɗaurin aurensu a bakin mutane. Kin san waɗanda za su kai labarin majalisa a yi dariya. Shi ya yanke miki magana rana ɗaya don kada ki ɓata ƙuruciyarki, sannan ya rufe bakinsa. Abokansa ba su ji ba, mahaifiyarsa ba ta ji ba, matarsa ba ta ji ba. Bai canza miki fuska ba, bai rage gaisuwa ba, bai kuma ƙara wani abin da zai sa ki yi zaton banza ba, wannan kuwa ya fi wuya. Da Baba ya kwanta shi ya riƙa kwana a asibiti tare da yayyenki. Ya ɗauki mutuncinki ya tafi da shi kabari ba tabo. Idan kina lissafin abin da bai ba ki ba, ki sa wannan a ɗaya hannun. An ce sabo ake yi wa kuka, kuma sabon da ke tsakaninku tun daga allo bai zama ƙarya ba don bai kai ga sadaki ba.

Ki tuna kakanmu. Ya bar ƙasar Hausa da niyyar Makka, a kan hanyar da mutanenmu suka daɗe suna bi, wadda ta cika da jama'a bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu. Ta Fort Lami, ta Abeche, ta Junaina, ta Ubayyid, ana tafiya ana tsayawa a yi noma a tara guzurin gaba. Ya iso Gadarif ya ce zai yi damina ɗaya ya tara kuɗin jirgin Sawakin. Dawa da ridi suka riƙe shi, iyali suka ƙaru, ya rasu bai ga Ka'aba ba. Inna ta ce har ya tsufa idan alhazai suka dawo yakan yi hawaye. Amma wa ya isa ya ce tafiyarsa ta ɓaci? Niyyarsa tana rubuce, masallacin da ya ɗora wa tubali yana nan, mu ma ga mu. Kin nufi gidansa ba ki isa ba. Inda aka tsayar da ke ma wuri ne, kuma an yi alheri mai yawa a cikinsa.

Sai maganar matarsa. Ita shari'a ta ba ta wata huɗu da kwana goma, da ɗaki, da farin mayafi, da masu zuwa gaisuwa safe da yamma. Ke kwana uku aka ba ki kamar kowace mace da ta rasa wanda ba mijinta ba. Na san akwai lokacin da za ki dube ta ki ji har takabar kina ƙyashi, domin ita an yarda ta yi kuka a fili. Idan wannan ya zo miki ki nemi tsari ki bar shi ya wuce, ba a kama bawa da abin da zuciya ta raya masa muddin bai faɗa ba bai aikata ba. Haka nan duk wani ɗacin da kika ji a daren bikinsa, wanda yanzu shaiɗan zai riƙa kawo miki yana cewa ko bakinki ne ya kama shi. Wa'adinsa an rubuta shi tun yana ciki, kafin a san za a haife ki.

Kwana ukun nan kuwa iyakar barin ado ne. Ki sa kwallinki, ki shafa turarenki, ki fita cikin mutane yadda kika saba. Baƙin cikin zuciya ba a yanka masa kwanaki ba. Annabi ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, kuma shekaru bayan rasuwar Nana Khadija idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta, idan ya ji sallamar 'yar'uwarta Hala yakan tuna ta. Ki yi kukanki a sujada, a can ba mai tambayar ki wace ce ke a wurinsa.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki gaya wa matarsa, ko da wata rana hira ta yi daɗi kin ji kamar za ki sami sauƙi idan kika faɗa. Sauƙin naki zai zama nauyinta, za ta koma tana tono kowace gaisuwa da kuka yi a gabanta, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Ya rufa miki asiri yana raye, ki rufa masa yana kwance. Yarinya ce ƙarama da goyo, a garin da kuɗin buhun dawa ya fi ƙarfin masu albashi ma, kuma ba ta da damar fita. Ki shiga wurinta. Ki yi mata cefane, ki ɗauki yaron ta samu ta runtsa, ki tabbata ruwan da ake ba shi an tafasa. Ba wanda zai yi mamaki, ke ce gwaggon yaron a idon kowa, kuma haka uban ya ɗauke ki. Ranar da yaron ya girma ya fara tambayar wane irin mutum ne babansa, mutane kaɗan ne za su iya ba shi amsar da za ki ba shi. Littattafan da ya yi rubutu a gefensu ma kada ki ƙone su, ki ɗaure su ki ajiye masa.

Kin tambaye ni a saƙonki na ƙarshe ko za ku haɗu a can. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a ba ni saninsa ba. Abin da ya tabbata shi ne mutum yana tare da wanda yake so, kuma Allah ya yi alkawarin cire duk wani ƙulli daga ƙirjin 'yan Aljanna. Wannan ciwon da kike ji, na son abin da ba naki ba, ba zai ƙetare da ke ba. Ko ta wace fuska aka haɗa ku, ba za ki ji an rage miki komai ba.

Idan hannunki na neman abin da zai yi masa, ga shawarata. Da mahaifiyar Sa'ad ɗan Ubada ta rasu ya tambayi Annabi wace sadaka ce ta fi, aka nuna masa ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Gurɓataccen ruwa ne sanadin tafiyarsa, sai ki sa tsabtataccen ruwa ya zama abin da zai riƙa bin sa. Ba sai rijiya ba. Randuna biyu ko uku a ƙarƙashin inuwa kusa da makarantar da ya yi wa hidima, da murfi, da moɗa mai dogon hannu don kada a tsoma yatsu, a riƙa sa ƙwayar tsabtace ruwa da ma'aikatan lafiya ke rabawa, a riƙa wanke su. Ki nemi yaron da zai riƙa cikawa. Zan aiko da nawa kason ta hannun 'yan kasuwa. Ba sai kin gaya wa kowa don wa aka ajiye su ba.

Maganar aure ba zan yi miki ita yanzu ba, sai dai kada ki ɗauki wani alwashi a cikin wannan zafi. An ce matar mutum kabarinsa, mijin mace ma haka ne. Idan wani mutumin kirki ya yi sallama nan gaba, karɓarsa ba cin amanar mamaci ba ce. Wanda ya ƙi ya ɓata miki ƙuruciya yana raye ba zai so ki ɓata ta a kansa yana kabari ba.

Allah ya jiƙan bawansa, ya karɓi shahadarsa, ya yalwata masa kabari ya haskaka shi, ya sa abincin da ya raba da ruwan da ya ja su tsaya masa ranar da ba inuwa. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba iyayensa da matarsa haƙuri. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki ladan abin da kika ɓoye, ya musanya miki da alheri. Allah ya ɗauke wannan cuta da wannan yaƙi daga Sudan, ya mayar da kowa gidansa, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Ki gaishe da Inna, ki ce mata da zarar hanya ta yi kyau ina tafe. Kafin nan ki rubuto mini, ko layi biyu ne, ki gaya mini kin ci abinci.

Yayarki,
Kano